Amarya Ta Tare, Katin Zaɓenta Yana Gidan Iyayenta



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, da duk 'yar jam'iyyar da wannan saƙo ya iske a wayarta, ina gaishe ku da ƙoƙari. Ya gida, ya yara, ya fama da tsadar rayuwa? Allah Ya kawo mana sauƙi. Saƙon yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wadda take da aiki a hannu ta bari sai ta sauke tukunya, amma don Allah kar a wuce shi. Wadda kuma take da maƙwabciyar da ba ta yi boko ba, ta daure ta karanta mata.

Maganar rajistar masu zaɓe ce. Na san da jin haka wasu za su ce, "Haba Hajiya, ai muna da kati." To wannan amsar ce ma ta sa na zauna rubutu. Riƙe kati daban, samun sunanki a rumfar da za ki iya takawa da ƙafa ranar zaɓe daban.

Ranar zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ina tsaye a wata rumfa tun kafin ma'aikata su iso. Wata yarinya ta zo da goyo, da katinta a ƙulle a bakin mayafi. Ta bi layi rana na dukanta har wajen azahar. Da aka zo kanta aka duba, babu sunanta. Aka sake dubawa, babu. Na karɓi katin na karanta, sai na ga ashe ƙaramar hukumar da ke jiki ba tamu ba ce. A gidan iyayenta ta yi rajista tun tana budurwa, aka yi bikinta aka kawo ta unguwarmu, aka kawo gado da katifa da kwalla, amma ba wanda ya tuna da kati. Na ce mata sai dai ta koma can. Ta dube ni ta ce, "Mama, da wace motar?" Gaskiyarta. Ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa. Ta gyara goyonta ta juya gida. Kafin a rufe layi na ga irinta ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma a rumfa guda ke nan. Ku lissafa da kanku, rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar nan.

Wannan matsalar ta fi cin mata, kuma dalilin a fili yake. Namiji a ƙasar Hausa sau da yawa inda aka haife shi nan zai yi ɗaki, nan zai kawo mata, nan za a yi jana'izarsa. Mace kuwa tafiya ce da ita. Aure ya ɗauke ta. In zama ya ƙi, ta dawo gida. Ta sake aure a wani gari. Miji ya rasu, ta gama takaba ta koma wurin 'ya'yanta. An yi wa maigida canjin wurin aiki, ta bi shi. Ga kuma 'yan'uwanmu na Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyukansu, da yawansu ba sa cikin sansani, suna raɓe ne a gidajen dangi cikin gari. Duk waɗannan sunansu yana nan daram a rajista, hukuma tana ƙirga su, amma ƙuri'arsu ta mutu a tsaye.

A rajistar 2023 mutum 93,469,008 hukumar zaɓe ta INEC ta ce suna ciki, mata su ne 44,414,846, wato kashi 47.5 cikin ɗari. Waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kuwa duka-duka wajen kashi 27 cikin ɗari ne. Bayan zaɓe sai ki ji maza a rediyo suna cewa mutane sun yi ƙyuya, mata ba su fito ba. Akwai waɗanda suka ƙi fitowa don fushi, ban musa ba, ga wahalar canjin kuɗi da aka sha a lokacin. Amma a cikin wannan giɓin akwai amaren da ba su sauya rumfa ba, akwai waɗanda suka yi ƙaura, akwai kuma waɗanda suke kwance a maƙabarta shekara da shekaru.

Maganin na farkon mai sauƙi ne, sai dai nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne yawa. Mace ta tare a sabon wuri, sai wani ya ce mata ai je ki kawai ki yi sabuwa. Kar ki yarda. Rajista sau ɗaya ake yi a rayuwa, kuma katin ba ya tsufa, ba shi da ranar ƙarewa. Abin da za ki yi shi ne ki je ofishin INEC na ƙaramar hukumar da kike zaune yanzu, ki ce canjin wurin zaɓe kike so. Za a ba ki fom, a ɗauko bayananki daga tsohuwar rumfa a maido su kusa da gidanki, daga baya a buga miki sabon kati. Wadda take da babbar waya ko ɗa mai iya latse-latse, ana iya fara cike bayanan ta shafin hukumar na intanet. Haka ma wadda katinta ya ɓata, ko ruwa ya ci, ko gobara, ko yaro ya tauna shi, neman madadi za ta yi, ba sabuwar rajista ba.

Me ya sa nake nanatawa? Saboda an gwada an gani. A rajistar da aka yi daga Yunin 2021 zuwa ƙarshen Yulin 2022, mutum 12,298,944 ne suka kammala. Da hukuma ta zuba su a na'urarta mai gwada yatsu da fuska, sai ta zubar da 2,780,756. Fiye da ɗaya cikin biyar fa! Akwai masu maimaici, akwai ƙananan yara, akwai na bogi. Na tabbata da yawa cikinsu ba maguɗi suka nufa ba, bayin Allah ne da aka ba gurguwar shawara. Sun biya kuɗin adaidaita, sun bar sana'arsu, sun wuni a layi, suka koma suna jiran katin da ba zai taɓa fitowa ba. Kuma dokar zaɓe ta 2022 ta ɗauki rajista biyu a matsayin laifi, tarar da ta kai naira 100,000 ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun. Uwar 'ya'ya ina ruwanki da wannan?

Sai maganar suna. Mu mata sunanmu ma yawo yake. A makaranta kina Fulana 'yar wane, a asibiti kin koma sunan miji, a katin ɗan ƙasa an rubuta wani abu, a katin zaɓe mai bugawa ya cinye harafi biyu ko ya mai da ke namiji. Kar ki yi dariya, na taɓa ganin katin dattijuwa da aka rubuta mata namiji. Lokacin da rajista take buɗe shi ne lokacin gyara. Ki tafi da takardar da ke nuna daidai ɗin, in canjin suna ne gaba ɗaya ki shirya da takardar rantsuwa ta kotu. Ni dai shawarata ga 'yan mata, ku bar sunan mahaifinku a takardunku. Shi ne abin da muka koya a Islamiyya, kuma shi ne wanda ba ya canzawa ko da zama ya canza.

Yanzu zan shiga inda na san wasu ba za su ji daɗi ba, har a cikin gidanmu na jam'iyya. Maganar mamata.

Rajistar da ake amfani da ita yau tushenta tun farkon 2011 ne, zamanin Farfesa Attahiru Jega, lokacin da aka zagaya da kwamfutoci ana ɗaukar hoto da yatsu. Tun daga nan ƙari ake yi a kanta. A 2019 ta kai 84,004,084, a 2023 ta haura miliyan 93. To ki tsaya ki tuna mutanen layinku da suka yi rajista a 2011. Nawa ne suka riga mu gidan gaskiya? Wa ya je ya faɗa wa hukuma? Mu Musulmi in mutum ya cika da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma haka ya kamata. Amma takardar shaidar mutuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, ba kasafai muke nema ba sai in akwai fansho ko kuɗi a banki. Ita kuwa INEC ba ta da ikon ta soke sunan mutum don jita-jita, sai da hujja. Shi ya sa iyayenmu da suka rasu suke nan a takarda, da hotonsu, kamar za su zo su bi layi.

Na zauna a taron da wani babba ya ce a bar su, wai yawan suna shi ne ƙarfin yanki, da shi ake ciniki in an zo rabon muƙamai. Ban yi shiru a wurin ba, kuma ba zan yi a nan ba. Wannan lissafin tsohon yayi ne. Tun da aka kawo na'urar BVAS, ba a ba mutum takardar ƙuri'a sai ta gane yatsansa ko fuskarsa. Mamaci ba zai zo ya miƙa yatsa ba. In kuwa wani ya yi wayo ya dangwala a madadinsa, ƙuri'un da ke cikin akwati suka fi adadin waɗanda na'ura ta tantance, to dokar 2022 cewa ta yi a soke sakamakon rumfar. Wace rumfa za a soke? Tamu, inda muke da ƙarfi, inda mata suka sha rana tun safe. Don kwaɗayin ƙuri'a goma a zubar mana da ɗari huɗu na halal. Wannan ba dabara ba ce, asara ce.

Kuma ku tuna 2019. Jihohi shida aka ce zaɓen gwamnansu bai kammalu ba, abin da muka koyi kira inkonkulusib: Kano, Sakkwato, Bauchi, Adamawa, Filato da Binuwai. Ƙa'idar da aka bi ita ce, in tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu rajista a rumfunan da aka soke ba, sai an sake. Masu rajista fa aka ƙirga a lokacin, da rayayyu da matattu da waɗanda suka bar gari. Daga baya an koma ƙirga waɗanda suka karɓi kati, amma mamacin da ya karɓi katinsa kafin ya rasu ai har yanzu yana cikin lissafin. Kowa ya san abin da zaɓen cike gurbi yake jawowa, da wa ake fara kora daga layi in 'yan daba suka iso. Mu ne. A Sakkwato kuwa da aka gama komai, ƙuri'a 342 ce ta raba gwamna da mai bi masa. Ɗari uku da arba'in da biyu! Wallahi na je walimar da matan da suka halarta sun fi haka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk sunan da ba shi da mai shi a rajista tsaga ce, kuma ba mu san ƙadangaren wa zai riga shiga ba. Wadda take ganin namu ne zai amfana, ta tuna ɗaya ɓangaren ma suna da nasu masu wayon, wataƙila ma sun fi namu kuɗi.

Bayan lissafin siyasa kuma akwai na lahira. Ki ɗauki katin mijinki da ya rasu, ko na surukarki, ki miƙa wa wani don ya ba ki dubu biyu da taliya, a yi ƙarya da sunan wanda yake kabari yana jiran addu'arki? Malamanmu sun karantar da mu shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Ni ban ga bambanci ba. Ita ma dokar 2022 ta hana saye da sayar da kati da riƙe na wani, tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyu. Duk wanda ya zo gidanki yana tattara katuna ko lambobin jikinsu da sunan tallafi, ko da hular jam'iyyarmu ce a kansa, kar ki ba shi. Ki kira shugabar matan mazaɓarki. Ban aiki kowa ba, kuma ofishin mata bai aiki kowa ba.

Haka maganar yara. Lokacin da aka baje rajista a Nuwamban 2022, duk mun ga hotunan da suka yi ta yawo a waya, yara ƙanana waɗanda ko gemu bai san da zamansu ba, an rubuta musu shekarun manya. Da mu 'yan Arewa aka yi ta yi wa dariya, har masu ƙuri'ar gaskiya aka shafa wa kashin kaji. Yaro ba ya kai kansa ofishi, babba ne ya ja hannunsa, kuma akwai uwar da ta gani ta kau da kai. Ki sani, shekarun ƙaryar nan suna zama a kwamfutar gwamnati tare da yatsunsa. Ran da zai nemi aikin soja ko wata makaranta takardu suka saɓa, wanda ya ba shi ɗari biyar ba zai zo ya tsaya masa ba. Shekara 18 ce ƙa'ida, a bar su su cika.

Waɗanda suka cika ɗin kuwa ga su nan birjik a ɗakunanmu, ba mu kula ba. An rufe waccan rajistar ranar 31 ga Yulin 2022. Duk yarinyar da take 15, 16 ko 17 a lokacin, yau ta isa. Wasu suna aji shida, wasu sun yi saukar Alƙur'ani, wasu ma suna ɗakin miji da ɗa a hannu, kuma ba ɗaya daga cikinsu da take cikin rajistar 2023. Hukuma ta sake buɗe rajista a Agustan 2025 a ofisoshinta na jihohi da na ƙananan hukumomi 774. Sabuwar mai rajista dole ta je da kanta a ɗauki hotonta da yatsunta, ba a aike. In kati ya fito ma ita za ta karɓa da hannunta. Kafin zaɓen 2023 katuna sama da miliyan 6 ne suka kwana a ofisoshi ba a karɓa ba.

To wa zai yi wannan aikin? Ma'aikacin hukuma yana zaune a sakatariya, bai san wa ya mutu a lungunmu ba. Ɗan takara sai saura wata biyu zai bayyana da atamfa. Mu ne muke shiga gida-gida. Mu ne a gidan suna, mu ne a kai amarya, mu ne a zaman makoki, mu ne muka san wadda ta yi yaji da wadda aka saka da wadda aka mayar. Ba kwamfutar da ta kai tsohuwar unguwa sanin wa ke nan wa ba ya nan. Abin da ya rage mana shi ne mu rubuta, mu kai inda ya dace a kan lokaci.

Lokacin kuwa ɗan kaɗan ne. Doka ta ce a liƙa sunaye jama'a su duba su yi ƙorafi. A 2022 mako biyu aka yi, daga 12 zuwa 25 ga Nuwamba, makon farko a mazaɓu 8,809, na biyu a ofisoshin ƙananan hukumomi. Cikin mutum miliyan 93, ƙorafin da hukuma ta ce ta samu dubu 53 ne da 'yan kai a duk faɗin Najeriya. Ku gaya mini, mamatan ƙasar nan tun 2011 dubu 53 ne? Ba mu je ba ne kawai. Ni kaina na je na duba sunana da na maigida na dawo, ban duba na mahaifiyata ba, Allah Ya jiƙanta, alhali ta shekara huɗu da rasuwa a lokacin. Laifin da nake faɗa har da ni a ciki.

A nan ina da kuka ga hukumar ma. Liƙa takardu a bangon makarantar firamare, iska ta yage, ruwa ya jiƙa, awaki su ci na ƙasa, sannan a ce an baje rajista, bai wadatar ba. A sanar a rediyo da Hausa tun da wuri, a faɗa wa masu unguwanni da limamai, a sauko da na'urorin rajista zuwa mazaɓu. Matar da ke ƙauye ba za ta iya kashe kuɗin cefanen kwana biyu ta je hedikwatar ƙaramar hukuma a ce mata babu netiwok ta dawo gobe ba. Wannan za mu rubuta shi a takarda mu miƙa ta hannun shugabannin jam'iyya. Amma kafin su gyara nasu, mu yi namu.

Akwai kuma abin da ya rikita mutane a 2023. A 2021 an ƙara rumfuna 56,872 don rage cunkoso, aka kwashe wasu masu zaɓe daga tsoffin rumfuna aka mai da su sababbi. Mace ta je inda ta saba tun 2011, a ce mata sunanta yana can gaba. Wasu sun nema sun samu, wasu suka gaji suka tafi ɗora girki. Saboda haka ko ba ki taɓa ƙaura ba, ki duba ki tabbatar da rumfarki.

Ga abin da nake roƙon kowace shugabar mata ta mazaɓa. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ki raba wa mataimakanki layi-layi. A rubuta amaren da aka kawo da matan da suka dawo gida tun bayan zaɓen da ya wuce, da 'yan matan da suka cika 18, da masu katin da ya ɓata, da waɗanda suka rasu. Suna da layi kawai za a rubuta, kar a karɓi katin kowa, kar a kwafi lambar kowa. Kuma kar a tambayi mace jam'iyyar da take yi kafin a taimaka mata. Wadda kika raka ofishi yau ba za ta manta da fuskarki ba. Gidan da aka yi rashi kuma a yi hankali, ba a shiga wa mai takaba da maganar kati. A bari a share makoki, hankali ya kwanta, sannan a sami babban ɗa ko wan mamacin a yi masa bayani cikin ladabi, a nuna masa yadda ake neman takardar shaidar mutuwa.

Ku nemi izinin mazajenku tun da wuri, ku faɗa musu ranar da za ku je, in da hali ku haɗu biyar-biyar ku ɗauki adaidaita ɗaya. Inda maigida ya ƙi, kar a yi rigima, a faɗa mini, akwai dattawan jam'iyya da za su same shi a majalisa su yi magana irin tasu ta maza.

Iyayenmu mata a Arewa ba su jefa ƙuri'a a 1959 ba, ba su jefa a 1964 ba, alhali matan Kudu suna yi. Sai a 1976 aka ba mu dama, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kanta. Kakata tana ba mu labarin yadda ta fara shiga layi a 1979 tana ɓoye fuska don kunya. Ina tuna ta duk lokacin da na tuna yarinyar nan mai goyo da ta juya gida da katinta a hannu.

Kar ku ce 2027 da saura. Wancan karon kusan wata bakwai kafin zaɓe aka rufe, kuma a makon ƙarshe kun ga yadda layi ya koma, har suma mata suka yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shugabannin mata na ƙananan hukumomi, ina jiran adadin da kowace mazaɓa ta tattara nan da mako biyu, ku turo ta wannan layin, adadi kawai ban da sunaye. Wadda take da tambaya ta yi saƙon murya, zan amsa bayan isha'i in sha Allahu.

A tura wa sauran zaurukan mata. 

Taku,
Shugabar Mata